Matar Sarkin Burma ta Hana Ni Zuwa Wanki

Yaya Hauwa,

Ina gaishe ki. Ya jiki, ya yara da maigida? Mu nan Mayo Bani lafiya, amma hankalina a tashe yake.

Maigidana Buba yana neman sarautar dagaci, ƙanensa ma yana nema, ko gaisawa ba sa yi. Jiya 'yata Ladi, mai karatun tarihi, ta ba ni labarin wata matar sarki a Burma, inda Kaka ya yi yaƙi. Ƙanen mijinta ya ƙwace mulki, aka nutsar da ita da mijin a kogi har da ɗansu, wai ba a zubar da jinin sarauta. Me ta yi, ban da aure?

Yau na kasa zuwa mayo, wato kogi, wanki. Don Allah ki kira Buba, yana jin maganarki. Ki gai da Inna, ku sa mu a addu'a. Ni rawanin nan Allah ya kai shi wani gida.

Ƙanwarki,
Rabi