Ludayin Inna Hajjo

Talata da dare, Sheshe

Na gaji, ga bayana yana ciwo, amma barci ya ƙi zuwa.

Tun da aka haɗe ƙungiyarmu ta masu nono da sauran na gari, na tashi daga manaja na koma mataimaki. Wannan bai dame ni ba sosai. Abin da ya tsaya mini a rai na safiyar yau ne.

Shekara da shekaru, duk matar da ta kawo madara rumfarmu ta Ƙofar Mazugal, sai ta ɗebo a ludayi in kurɓa in ji ingancinta kafin a juye. Yanzu sabon manaja ya hana, wai na'ura ce za ta riƙa gwadawa.

Inna Hajjo, ɗaya daga cikin masu kawo mana madara, ba ta ji labari ba. Ta sauke ƙwarya, ta miƙo mini ludayi, manajan kuma yana tsaye a gefena. Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, an hana."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Malam Garba, yau nonona kake ƙyama?"

Na'ura ta ce madararta lafiya lau. Amma da za ta tafi, kowa ta yi wa sallama ban da ni.