Tagar da Opal Ke Hangena

Yaya Lorna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya gwiwar maigidanki Wendell, ta bar shi ya hau tarakta? Ya 'yata Opal da na bari a wurinki? Ni kalau nake a Alaska. Aikin jinya ba laifi, ƙafafuna ne kawai ke kumbura, kuma ba na son cin abinci ni kaɗai, amma wannan ba komai ba ne.

Kin tambaya ko za ki bar Opal ta riƙa karatu ita kaɗai a ɗaki, tunda na ce ta isa. Don Allah ki dakata. Lokacin da nake koyar da ita a gida, gwajina ɗaya ne: in ajiye mata lissafi a teburin kicin, in fita shanya. Kullum sai in dawo in tarar ta gama. A kan haka na karɓi aikin nan.

Ranar Lahadi a waya na yaba mata. Sai ta yi dariya ta ce, "Haba Mama, kin ɗauka ni gwana ce? Ta taga nake hangenki. In na kakare sai in dube ki, in ci gaba." Sai na tambaye ta lafiyar kaji.

Da na sani, da na ƙara shekara a gida.

Allah ya saka miki da alheri. Ki matsar mata da tebur bakin taga, ki riƙa giftawa ko da ba ki da shanya. Ni nan babu tagar da za ta hango ni.

Ƙanwarki,
Darlene