Abin da Na Rubuta a Littafin Runduna

Hudaida, 9 ga Maris, 1964

Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafarka, yaya Mama da shagon aski? Ni lafiya lau, sai zafin ƙasar Yaman da cin wake kullum da safe.

Ina cikin damuwa, shi ya sa na ba wani mai tafiya hutu wannan takarda. Shekaranjiya aka tura jirginmu ya jefa bam a wani kwari, wai mayaƙa sun taru. Ni ne mai taswira, na kai mu daidai wurin. Da muka yi ƙasa sai ga rumfuna da jakuna da mata ɗauke da kwanduna. Ranar kasuwa ce. Matuƙinmu, Kyaftin Shukri, ya ce, "Ni dai ban ga mayaƙi ba, ko kun gani?" Sai ya juya da jirgin, ba mu jefa komai ba. Ba a sauka da bam, don haka muka zubar a teku.

A rundunarmu mai taswira ke rubuta labarin kowane tashi a littafi, kuma abin da ya rubuta shi ya zauna. In na ce Kyaftin ya ƙi, sai kotun soja. In na ce ƙofar bam ce ta cije, za a kori Kawu Girgis makanike. Ya tare ni, hannu duk baƙin mai, wai, "Rubuta ni, ɗana, na tsufa da jin kunya." Na kasa kallonsa. Gobe zan miƙa littafin.

Ɗanka,
Nagib

Hudaida, 2 ga Afrilu, 1964

Babana,

Ina gaishe ku, da fatan Mama ta warke daga murar.

Na rubuta cewa ni na ɓatar da hanya. Kwamanda ya karanta sau biyu, ya ce, "Kai da ka zo na ɗaya a makaranta?" Na ce ni fa. Ya daɗe yana kallona kafin ya sa hannu. An hana ni tashi har abada, yanzu barguna nake rabawa. Ba zan ɓoye maka ba, duk jirgin da ya tashi sai na ji ciwo.

Labari zai iso garinmu Tanta, masu jiran aski za su ce ɗan Fikri mai aski ya ɓata a sama. Na san bakinka, Baba. Kada ka musa, in ka musa Kyaftin ne zai sha. Bar su su yi dariya, ka ci gaba da askinka. Kai kaɗai nake so ka sani ban taɓa ɓata ba.

Ka ƙone wasiƙun nan biyu.

Ɗanka mai kewarka,
Nagib