Inna, An Toshe Burtali

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Bayan gaisuwa mai yawa, da irin ladabin da ban cika yi miki ba kina da rai, ina fatan makwancinki da sanyi. Ɗanki ne Sani, wanda lakwal, wato makarantar boko, ta gaji da shi tun aji huɗu. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya fi sabawa da igiya.

Inna, Dakoro ta zama birni. Haka kowa ke faɗa, ni ma haka nake faɗa in na je ƙauye, don a shimfiɗa mini tabarma mai kyau. Wuta ta zo unguwarmu, shaguna sun kai har inda kike tsinko rama. Jikarki Balki tana karatu ba hayaƙin fitila. Ban ƙi wannan ba, kada in yi miki ƙarya.

Amma burtalin bayan gidanmu, inda shanu ke bi su fita daji, meri, wato hukumar gari, ta yanka shi filaye ta sayar. An kafa duwatsun siminti, an ja katangar bulo.

Kin tuna jar saniyar da Baffa Juli na Korahane ya ba ki habbanaye, shekarar da ƙafarki ta fara ciwo? Kika zaunar da ni kika ce: "Ka riƙe ta har ta haihu uku. Ƴaƴan naka ne, uwar ka mayar masa da ƙibarta. Wanda ya mayar da saniyar habbanaye kafin lokaci, zumunci ya mayar." Na ce to, bakina cike da tuwo. Ta haihu biyu. Saura ɗaya.

Ita ba wanda ya gaya mata an yi birni. Da safe in na kwance ta, sai ta miƙe tsohuwar hanyarta, ta je ta tsaya gaban katangar wani Alhaji da ko sunansa ban sani ba, tana kallon bulo. Ni kuma in tsaya bayanta da sanda, mu biyu kamar masu jiran a buɗe ofis. In ta kewaya ta kan kwalta, ma'aikatan meri su kama ta su kai furiyar, wato gidan kason dabbobi. Kaf danginmu ba wanda ya taɓa kwana a kulle sai ita.

An kira taro a meri kan gyaran gari, na sa rigar Sallah na je. Wasu na son magudanar ruwa, wasu sabuwar tasha. Wani matashi mai gilashi ya ce birni ba garke ba ne, dabbobi sun cika titi da kashi. Yana da gaskiya, ni kaina na taɓa sulɓewa. Na ɗaga hannu na roƙi a bar mana ko ƴar siririyar hanya wadda saniya ɗaya za ta wuce, in ya so mu koya musu bin layi.

Inna, wurin ya ɓarke da dariya, har mai unguwa na share hawaye. Na ce wallahi da gaske nake, dariyar ta ƙaru. Kin sha gaya mini ranar da zan yi kuka mutane za su ce wasa nake. Na zauna na taya su dariyar, don ban san yadda zan yi da fuskata ba.

Yanzu tana ɗaure a tsakar gida. Harawar da nake samu ba ta kai mata ko'ina, jiya leda na zaro daga bakinta. Haƙarƙarinta ya fito, nonon da Balki ke sha ya ƙafe. Ko bijimi ba ta gani, balle a yi zancen haihuwa ta uku.

Ran kasuwa zan kora ta Korahane. Baffa Juli ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma zai sa hannu ya shafa bayanta, ya ji ƙashi. Zai sa a dama mini fura, ya tambayi lafiyar yara. Na yi ta neman barkwancin da zan tare shi da shi a bakin rugar, Innata, ban samu ko ɗaya ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata miki kabari, Ya haskaka shi. Ya sa Baffa Juli ya ga laifina ni kaɗai, kada ya taɓa sunanki.

Ɗanki mai kewarki,
Sani