Wurinki a Kwale-kwalena Ranar Buɗe Tafki

Zuwa ga Araba, ruwan kwakwata a tsakar rana, gishirin tafkinmu, 'yar Talata wadda teku kanta take hutawa ranar haihuwarta.

Kin san ni ba gwanin biro ba ne, makogwaro Allah Ya ba ni. Amma dattawan garinmu Edina sun rufe tafkin Benya, sun hana kiɗa da hayaniya sai ranar bikin buɗe shi. Ni da na saba tsayawa bayan ɗakin bandar kifin innarki ina rera miki waƙa har ta watso mini ruwan wanke-wanke, ga ni yau shiru kamar kifi a kwando.

An ce wani otal na Ankara, babban birnin ƙasarmu Gana, ya kira ki aiki, an ce kin fara ɗaure kaya. Araba, ki tafi ki bar wa wa farin gidan nan na bakin teku? Wa zai riƙa shiga da baƙi ɗakunan da aka tsare kakanninmu? Na taɓa laɓewa a bayan ayarinki. Na ga wata tsohuwa da ta ƙetaro teku ta rungume ki tana kuka a ƙofar da bayi suka fita ba su dawo ba, ke kuwa kin tsaya ƙyam, muryarki ba ta yi rawa ba. Wallahi ranar kaina ya fi kwale-kwalena girma. Da kika hango ni sai kika ce, "Ekow, kai ma baƙo ne? To biya kuɗin shiga, mai warin kifi." Na biya, kuma ko gobe zan biya.

E, ina warin kifi, ina kuma alfahari da shi. Warin nan ne ya raini garin nan tun kafin Turawa su aza tubali. A Ankara wa zai san ke jikar wace ce? A nan ko ƙaguwa ta san takunki.

Ranar buɗe tafki sau uku ake jefa koma, gari ya ga abin da shekara ta kawo. Ni ma na nemi aurenki a kan gada, kika yi dariya. Na sake a kasuwa, kika cusa mini dokunu, tuwon masarar nan, a baki. Wannan ce jifa ta uku, ba ni da wata.

Na shafe kwale-kwalen da sabon fenti, na bar katakon gaba, wurin da matanmu ke zama da adon gashinsu na zinariya. Ƙanwata ta roƙa, na hana. Idan kin zo kin zauna, duk Edina ta ji amsarki. Idan ba ki zo ba, haka zan tuƙa shi fayau a gaban sarki da baƙi, kaina a ɗage, kowa ya ga wurin wace ce.

Naki, ko kina Edina ko kina Ankara,
Ekow