Muryar Baba a gaban Bulama

Assalamu alaikum, ƙanwata Binta.

Ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Yaya ƙafar taki? Mu nan Yerwa da sauƙi, sai abin da ba a rasa ba.

Ranar Talata aka zauna gaban Bulama kan gonarmu ta Zabarmari. Na kunna maganar marigayi Baba, wadda na kwafa daga kaset zuwa kwamfuta, inda ya faɗi iyakarmu da Baffa Sale. Sai muryar ta fito da kauri, tana amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya. Habu ɗan Baffa ya yi dariya ya ce, "Yaya, wannan mutum ne ko aljanin inji? Yanzu ai ko gawa sa ta magana ake yi."

Daga baya mai gyaran kwamfuta ya gano manhajojin daidaita sauti biyu ne ke kokawa: wadda ta zo da kwamfutar, da wadda na saka don karatun Alƙur'ani ya riƙa fita kamar a masallaci. Ya kashe su, muryar ta dawo daidai. Amma wa zai yarda yanzu? Shekara talatin ina koyar da kimiyya, yau ni ne maƙaryaci.

Ki taho da ainihin kaset ɗin da kanki kafin zaman Alhamis. Jiya Habu ya kai injin ban-ruwa gonar, tare da ƙarti huɗu da ba wanda ya san su.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Duk wanda ya zo ya ce ni na aiko shi karɓar kaset, ban aiko shi ba.

Yayanki,
Garba