Katanga Ba Rufi

Gusau.

Zuwa ga Yaya Bara'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Na ba direban da ke ɗebo mana ƙasa wannan takarda, tunda waya ba ta shiga Karakkai.

Ki yi haƙuri da na riƙe miki miji. Jami'armu ba ta da ƙarfin siminti, shi ya sa na roƙi hukuma ta bari mu gina ɗakin karatun ɗalibai da tubalin ƙasa, mai sanyi ko babu wuta. Da ƙyar suka yarda, har wasu na kirana injiniyan ƙauye. Mijinki Malam Shu'aibu da maginansa sun kai katanga ƙarshe. Rufi kawai ya rage, kuma an ce katako da kwano na hanya daga Tsafe. Ki ara mini shi na ɗan lokaci.

Ƙaninki, Mahadi.

Karakkai, Bungudu.

Mahadi,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai ni ba lafiyar ba ce a raina. Aro? To aron ya isa haka! Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu, kowa ya yi shuka sai mu. Ga irin gero nan a rumbu, ni da shi muna kallon juna. Ka sani, na sani, a garin nan gini aikin rani ne, da hadari ya taso magini manomi ne. Gonar nan ita ce abincinmu na shekara, ɗalibanka ba za su ciyar mini da yara ba. Wallahi haushinka nake ji. Ka turo shi gida, don girman Allah.

Ka gaida iyali.
Yayarki da ta goye ka, Bara'atu.

Gusau.

Yaya,

Bayan gaisuwa, na ga saƙonki, kuma gaskiya ce kika faɗa. Kayan rufi ba su iso ba. Mai kawowa ya ce ba zai bi hanyar Tsafe ba saboda 'yan bindiga, hukuma kuma ta ce sai kwamiti ya zauna kafin a nemi wani. Sauran magina duk sun koma gonakinsu. Na roƙi Malam Shu'aibu ya tsaya, sai ya ce, "Ba ni barin ƙanin matata shi ji kunya gaban mutane." Yanzu da hadari ya haɗu, sai mu hau tsani mu lulluɓe kan katanga da zana da leda. Idan ginin nan ya narke, ba za a sake yarda da ƙasa a jami'ar nan ba. Da an buga kwano zan kawo shi da kaina.

Ki yafe mini. Mahadi.

Gusau.

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Waɗanda suka kawo shi sun gaya miki, amma gara ki ji daga gare ni. Iska ce ta yaye ledar gefen gabas ana tsakiyar ruwa. Na ce masa, "Malam, a ceci gefen nan." Ya hau. Gindin katangar ya riga ya sha ruwa, ta zube da shi. Da hannu muka tone shi.

Na kasa biyo gawar, ban san da wane ido zan dube ki ba. Kwano ya iso washegari. Hukuma ta ce a kwashe ƙasar, a jira a samu halin siminti. Ki ba ni izini in zo.

Allah ya jiƙan shi. Mahadi.

Karakkai.

Mahadi,

Salam. An rufe shi, na shiga takaba. Maƙwabta sun yi gayya sun shuka mana wake, gero kam lokacinsa ya wuce.

Ka zo, gidanku ne. Zulai ƙaramata ba ta gane ba, kullum tana tambayar yaushe Kawu zai gama gininsa ya maido mata Baba. Ni na kasa. Ka zo ka ba ta amsa da bakinka.

Bara'atu.